Shin Turkawa Baƙi ne a Turkiyya?

"Assalamu alaikum Malam. Ina yawan kallon fina-finan tarihi na Turkawa da ake fassara mana, kuma kullum sai in ga mutanen suna zaune a tantuna, suna ƙaura da dabbobinsu, suna cewa suna neman ƙasar da za su zauna. Wani abokina ya ce mini ai Turkawa baƙi ne a Turkiyya, asalinsu daga wajen Mongoliya suke. Shin gaskiya ne? In gaskiya ne, su wane ne masu ƙasar kafin su zo, kuma yaya aka yi ta zama tasu?"

Wa'alaikumus salam wa rahmatullah. Tambayarka, ɗan'uwa, tambayoyi uku ne a dunƙule: daga ina Turkawa suka fito, wa suka tarar a ƙasar da yau ake kira Turkiyya, da kuma yadda aka yi ƙasar ta koma mai magana da Turkanci. Abokinka ya kamo rabin gaskiya. Harshen Turkanci da sunan Turkawa daga gabas mai nisa suka zo, kuma zaman su a Anatoliya, wato ɓangaren Turkiyya da ke nahiyar Asiya, bai cika shekara dubu ba har yanzu. Amma mutanen da ke zaune a ƙasar yau ba jikokin waɗancan mahaya dawakai kaɗai ba ne. Jikokin waɗanda suka zo ne da waɗanda aka tarar, sa'annan da wasu miliyoyin da suka shigo daga baya suna gudun yaƙi. Saboda haka kalmar baƙi ta dace da harshen idan aka koma ƙarni na 11, amma ba ta dace da jama'ar ba.

Inda aka fara jin sunansu

A ƙarni na 6 na Miladiyya marubutan tarihin ƙasar Sin suka fara ambaton wata al'umma mai wannan suna a yankin tsaunukan Altai. A shekarar 552 shugabansu Bumin ya karya ikon waɗanda suke mulkarsu, ya kafa daular da ta bazu daga Mongoliya har kusa da Tekun Kasbiya. Mafi muhimmancin abin da suka bari shi ne wasu dogayen duwatsu da aka kafa a kwarin kogin Orhon, a tsakiyar Mongoliyar yau, ɗaya a shekarar 732 don tunawa da jarumi Kul Tigin, ɗaya a 735 don ɗan'uwansa sarki Bilge Kagan. An rubuta su da haruffan Turkawa na kansu, waɗanda aka manta yadda ake karanta su har sai da wani masanin harsuna ɗan ƙasar Denmak, Vilhelm Thomsen, ya warware su a 1893. A cikin rubutun sarkin yana yi wa jama'arsa kashedi game da zaƙin bakin mutanen Sin da taushin alharininsu, yana cewa da waɗannan suke janyo al'ummai na nesa kusa da su kafin su hallaka su. Waɗannan Turkawa ba Musulmi ba ne a lokacin, abin bautarsu na sama suna kiransa Tengri, kuma dukiyarsu dawakai ce da tumaki da raƙuma masu tozo biyu.

Musulunci ya same su ne a hankali ta biranen Buhara da Samarƙand da hanyoyin fatauci. Tun kafin ƙabilunsu su musulunta a dunƙule, halifofin Abbasiyawa suna sayen yaran Turkawa suna horar da su aikin soja, har yawansu ya sa Halifa Mu'utasim ya gina birnin Samarra a 836 ya kwashe su daga Bagadaza. A ƙarni na 10 sarakunan Ƙarahaniyawa, Turkawan yankin Kashgar, suka karɓi addini, kuma wani malami daga cikinsu, Mahmud al-Kashgari, ya wallafa ƙamusun harsunan Turkawa a shekarun 1070 domin Larabawa su koya. A ciki ya jera ƙabilun wani reshe da ake kira Oguz, waɗanda ke kiwo a gefen kogin Sir Darya da Tekun Aral. Daga wannan reshen ne gidan Saljuƙawa ya fito. Sun ci Gaznawiyawa da yaƙi a 1040, shugabansu Tugril ya shiga Bagadaza a 1055 ya zama sarkin musulunci mai kare halifa, kuma Turkancin da ake yi a Istanbul da Baku da Ashgabat yau duk daga bakin Oguz ya gangaro.

Ƙasar da suka tarar

Idan ina koyar da wannan babi, taswirar tsaunuka nake fara shimfiɗa wa ɗalibai kafin ta iyakoki, domin siffar ƙasar ita ce ke bayyana yawancin abin da ya biyo baya. Turkiyya tana da faɗin kusan murabba'in kilomita 783,000, kashi 97 cikin ɗari a Asiya, sauran kashi 3 a Turai, kuma mashigin Bosforus da Tekun Marmara da mashigin Dardanel ne suka raba ɓangarorin biyu. Teku ya kewaye ta ta fuska uku. Jerin tsaunuka biyu sun miƙe daga yamma zuwa gabas, na arewa yana bin gaɓar Baƙin Teku, na kudu mai suna Toros yana bin gaɓar Bahar Rum, kuma suna tare gajimaren da ke tasowa daga teku. Shi ya sa gaɓar arewa take da ruwan sama da dazuzzuka, gaɓar yamma da ta kudu suke da zaitun da ɓaure da inabi, amma tsakiyar ƙasar tudu ne mai faɗi, tsayinsa kimanin mita 1,000, mai ƙarancin ruwan sama da bishiyoyi, mai tsananin sanyi da ƙanƙara lokacin hunturu. A gabas ƙasar tana ƙara tashi har ta kai Dutsen Ararat mai tsayin mita 5,137, kuma daga can kogunan Dijla da Furat suke ɓuɓɓugowa.

Duk wanda ya bi hanyar mota daga Ankara zuwa Konya, ta gefen babban tafkin gishiri, zai ga abin da makiyayin Oguz ya gani: fili shimfiɗe iya ganin ido, ciyawa, da tsaunuka a nesa. Ni kaina sai da na bi wannan hanya na fahimci hujjar da masana suka daɗe suna kawowa, cewa Turkawa makiyaya ba su zauna da yawa a Iraƙi da Sham ba duk da cewa sarakunansu sun mulki waɗannan ƙasashe, saboda zafin can bai yi wa dawakansu da raƙumansu ba. Azarbaijan da Anatoliya su ne suka yi kama da gida. Makiyayi yana iya yin hunturu a kwari ko a gaɓar teku, idan zafi ya shigo ya hau tsauni da garkensa, kamar yadda Fulani suke bin damina da rani da shanunsu. Har yau akwai makiyayan da ake kira Yoruk masu wannan hawa da sauka a tsaunukan Toros, ko da yake sun ragu ƙwarai, kuma mutanen birni ma suna da al'adar tafiya mazaunin tsauni, wato yayla, idan zafi ya tsananta.

Amma ƙasar ba kango ba ce. Tana cikin wuraren da ɗan Adam ya fi daɗewa da zama a duniya. A Gobekli Tepe kusa da Shanliurfa akwai ginshiƙan dutse da aka sassaƙa tun wajen shekara ta 9500 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), kuma a Catalhoyuk kusa da Konya an tono garin manoma mai shekara kusan dubu tara, inda gidaje ke manne da juna ana shiga ta rufi. Daga baya Hitiyawa suka kafa daula da babban birni a Hattusa, suka ƙulla yarjejeniyar zaman lafiya da Fir'auna Ramses na Biyu wajen 1259 kafin Miladiyya. Lidiyawa na yammacin ƙasar su ne suka fara buga kuɗin ƙarfe. Farisawa sun mulke ta, Girkawa sun cika gaɓarta da birane, sai Rumawa, waɗanda sarkinsu Kustantin ya mayar da birnin Bizantiyum hedkwatarsa a shekarar 330, birnin da Larabawa suka kira Ƙusɗanɗiniyya. Lokacin da Turkawa suka iso, yawancin mutanen yamma da tsakiyar Anatoliya Kiristoci ne masu jin Girkanci, gabas kuma Armeniyawa ne da Suryaniyawa da Kurdawa, ga Larabawa a kan iyakar kudu.

Yadda ta koma tasu

Ranar da littattafan makarantar Turkiyya suke ɗauka a matsayin buɗe ƙofa ita ce 26 ga Agusta 1071, lokacin da Sarkin Saljuƙawa Alp Arslan ya karya rundunar Rumawa a Malazgirt, arewa da Tafkin Ban, ya kama sarkinsu Romanos na Huɗu da ransa. Abin da ba a cika faɗa ba shi ne Alp Arslan bai fito da niyyar cin Anatoliya ba, hankalinsa yana kan Fatimiyawan Masar. Ya saki fursunansa bisa yarjejeniya, amma kafin Romanos ya koma gida an tuɓe shi, daga baya aka ƙwaƙule masa idanu, kuma manyan Rumawa suka shiga yaƙin basasa. Kowane mai neman sarauta sai ya ɗauko mayaƙan Turkawa haya ya buɗe musu birni. Cikin shekara goma Saljuƙawa suka kai Iznik, wanda ba shi da nisa da babban birnin Rumawa. Mayaƙan Salibiyya sun ƙwace shi a 1097, sai Saljuƙawa suka koma Konya, kuma bayan nasarar da suka yi kan Rumawa a 1176 babu wanda ya sake tsammanin fitar da su. Su da kansu suna kiran daularsu ta ƙasar Rum, Turawan Italiya ne suka riga su kiran ƙasar da sunan Turkawa.

Ƙaura ta biyu ta fi ta farko tasiri a ganina. Lokacin da Mongol suka afka wa Tsakiyar Asiya da Iran daga shekarar 1219, ƙabilu da malamai da masu sana'a suka kwararo yamma. Iyalin Maulana Jalaluddin Rumi daga yankin Balh suka taso a wannan zamanin, suka ƙare a Konya, inda ya rasu a 1273. Mongol sun ci Saljuƙawa a 1243, daular ta raunana, makiyaya suka tura zuwa iyakokin yamma, aka samu ƙananan masarautu da yawa. Ɗaya daga cikinsu ita ce ta Usman a garin Sogut, wadda daga baya ta zama daular Usmaniyya, ake kuma ƙirga farkonta daga wajen 1299.

A nan ne ya kamata in yi maka magana kan fina-finan da kake kallo. Tantuna da ƙaura da neman makiyaya gaskiya ne. Amma labarin mahaifin Usman da ƙabilarsa, dalla-dalla kamar yadda ake nunawa, yawancinsa ƙirƙirar marubutan fim ne, domin tarihan Usmaniyawa na farko a ƙarni na 15 aka rubuta su, fiye da shekara ɗari bayan abubuwan sun faru, kuma abin da ya tabbata daga zamanin kansa kaɗan ne ƙwarai. Haka nan babu ƙidayar jama'a daga wancan lokaci, don haka masana sun saɓa kan yawan Turkawan da suka shigo. Abin da akasarinsu suka yarda da shi shi ne waɗanda suka shigo ba su kai waɗanda aka tarar yawa ba, kuma binciken ƙwayoyin halitta na zamani, wanda fannin wasu ne ba na masu tarihi ba, ya nuna haka: akwai gadon Tsakiyar Asiya a jinin Turkawan yau, amma kaso mafi girma na tsofaffin mazauna Anatoliya ne da maƙwabtansu.

To ta yaya 'yan tsiraru suka juya harshe da addinin masu rinjaye? An ɗauki ƙarni uku zuwa huɗu ana yi, kuma dalilan sun taru ne. Mulki da ƙasa sun koma hannun Musulmi, cocin Rumawa ta rasa dukiyarta da limamanta a yankuna da yawa, alhali masallatai da madarisu da gidajen ciyarwa suna samun waƙafi. An yi auratayya tun daga fada har ƙauye, kuma sarakunan Saljuƙawa da dama iyayensu mata Kiristoci ne. Shehunan ɗariƙu irin su Haji Bektash sun zauna cikin talakawa suna karɓar kowa. A birane akwai ƙungiyoyin masu sana'a da ake kira Ahi, waɗanda Ibn Batuta ya sauka a hannunsu a shekarun 1330 ya yi ta yabon yadda suke gasar karɓar baƙo. Yaƙi da bauta da nauyin haraji su ma sun taka rawarsu, kuma ɓoye wannan ba adalci ba ne. Abin lura shi ne fadar Konya da Farisanci take aiki, malamai kuma da Larabci, Rumi ma da Farisanci ya yi waƙoƙinsa. Turkanci harshen tanti ne da kasuwa da sansanin soja, sai bayan rushewar Saljuƙawa ƙananan sarakunan da ba su iya Farisanci ba suka shigar da shi fada, mawaƙa irin su Yunus Emre kuma suka nuna cewa yana iya ɗaukar zurfin tasawwufi.

Daga daula zuwa ƙasa

Usmaniyawa sun ci Bursa a 1326, suka haye Turai a 1354, Muhammad al-Fatih ya buɗe Ƙusɗanɗiniyya ranar 29 ga Mayu 1453, Salim na Ɗaya ya ci Masar a 1517. Ikonsu ya kai Tarabulus a 1551, kuma daga can ne suka yi maƙwabtaka da Borno, har Mai Idris Alauma ya aika jakadu Istanbul suka yi musayar wasiƙu da Sarki Murad na Uku a shekarun 1570. Sai dai wannan daula ba ta ɗauki kanta ƙasar Turkawa ba. Manyanta Usmaniyawa suke kiran kansu, wazirai da yawa 'yan asalin Albaniya ne da Bosniya da Kaukasus, kuma yankin Balkan ya fi Anatoliya daraja da arziki a idonsu. Mustafa Kamal Ataturk kansa, wanda ya kafa jamhuriyar Turkiyya, a Salonika aka haife shi, birnin da yanzu yake cikin ƙasar Girka.

Anatoliya ta zama gida na ƙarshe ne ta hanyar asara. Yayin da daular take rasa yankunanta, Musulmi suka riƙa kwararowa: Tatar daga Kirimiya, Sarkasawa daga Kaukasus bayan Rasha ta kore su a 1864, sannan ɗimbin mutanen Balkan bayan yaƙin 1877 zuwa 1878 da na 1912 zuwa 1913. Kiristocin ƙasar kuma suka ƙare ta hanya mai muni. A 1915 gwamnatin Usmaniyya ta kwashe Armeniyawa zuwa hamadar Sham, aka kashe ko aka bar ɗaruruwan dubbai suka mutu, abin da mafi yawan masana tarihi da ƙasashe da dama suke kira kisan ƙare dangi, gwamnatin Turkiyya kuma take ƙin wannan suna. Bayan yaƙin neman 'yanci na 1919 zuwa 1922, an yi musayar jama'a da Girka a 1923, inda Kiristoci sama da miliyan ɗaya suka koma can, har da waɗanda suka riga suka gudu lokacin yaƙi, Musulmi kusan dubu 400 kuma aka kawo su Turkiyya. Da addini aka auna, ba da harshe ba, don haka Kiristocin Kafadokiya, a tsakiyar Anatoliya, da Turkanci ne harshensu aka tura su Girka, Musulmin tsibirin Kirit masu jin Girkanci aka kawo su Turkiyya. Yarjejeniyar Lozan ta 24 ga Yuli 1923 ta tabbatar da yawancin iyakokin yau, aka mayar da Ankara babban birni a watan Oktoba, aka shelanta jamhuriya ranar 29 ga watan. Kurdawa, waɗanda harshensu dangin Farisanci ne, sun kasance al'umma ta biyu a yawa, kuma matsayin harshensu da haƙƙinsu shi ne rikicin cikin gida mafi daɗewa a jamhuriyar.

Irin tambayar da ka yi ta dami waɗanda suka kafa jamhuriyar, domin Girkawa da Armeniyawa suna cewa sun riga su zama a ƙasar. A shekarun 1930 aka koyar a makarantu cewa Hitiyawa da Sumeriyawa, tsofaffin mazauna kudancin Iraƙi, Turkawa ne da suka yi ƙaura tun da daɗewa, har aka sa wa bankunan gwamnati biyu sunayensu, Sümerbank da Etibank. Ilimi bai goyi bayan wannan ba, don tun 1915 aka gano cewa harshen Hitiyawa dangin harsunan Indiya da Turai ne, kuma an daɗe da watsar da ra'ayin. Amma ya bar alheri guda, shi ne kulawa da tonon kayan tarihi, wanda ya sa gidan tarihin wayewar Anatoliya da ke Ankara ya zama wurin da nake fara tura duk mai son fahimtar ƙasar.

Abin da ya zo a kan doki da abin da aka tarar

Al'adun yau suna ɗauke da duk waɗannan sassa. Kindirmo da abin shan da ake damawa da shi, wato ayran, da gasasshen naman rago, da dardumar ulu da ake saƙawa a tanti, gadon makiyaya ne. Gidan wanka na jama'a gadon Rumawa ne da Musulmi suka raya. Babbar ƙubbar masallatan Istanbul daga Aya Sofiya aka koyo ta, cocin da aka kammala a 537, kuma magini Sinan, wanda ɗan Kiristocin yankin Kaisari ne da aka ɗauka aikin sarki yana saurayi, ya shafe rayuwarsa yana gogayya da ita har ya gina masallacin Sulaimaniyya a Istanbul da na Salimiyya a Edirne. Girkin man zaitun na gaɓar yamma ya fi kusa da na Girkawa, na Gaziantep da Urfa kuma ya fi kusa da na Halab. Harshen kansa ya sake tufafi a 1928, lokacin da aka bar haruffan Larabci aka koma na boko guda 29, sa'annan aka yi ta cire kalmomin Larabci da Farisanci, har ya zama matashin yau yana buƙatar a sauƙaƙa masa jawabin da aka yi a majalisa a shekarun 1920.

Wasu abubuwan da baƙo zai ɗauka tsofaffi ne kuwa sababbi ne. Gahawa ita ce abin shan Usmaniyawa, an buɗe gidajen shanta a Istanbul tun shekarun 1550, lokacin da Yaman take ƙarƙashinsu. Da aka rasa Yaman gahawa ta koma kayan shigowa mai tsada, sai jamhuriya ta ƙarfafa noman shayi a tsaunukan Rize da ke gabashin gaɓar Baƙin Teku, inda ruwan sama ya fi yawa a duk ƙasar, aka buɗe masana'antar sarrafa shi ta farko a 1947. Yau Turkawa suna sahun gaba a duniya wajen yawan shan shayi idan aka raba da yawan jama'a, kuma kusan duk ganyen da suke sha daga Rize da lardunan da ke maƙwabtaka da ita yake fitowa.